Baffa Mai Kai Saƙo da Ƙafa

Ranar sadakar uku, rumfar da aka kafa a ƙofar gidan Baffa ta toshe layin gaba ɗaya, har masu raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, sai sun zagaya ta bayan masallaci. Mutanen unguwarmu Mayo a nan Khartum sun fito, na unguwar Bahri sun zo, wasu tsofaffi sun taso tun daga Jazira a bayan motar kaya. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga hannu ya ce Fatiha, mu miƙe mu ɗaga namu, a shafa, ya nemi wuri ya zauna. Abin da ya dame ni ranar shi ne ƙarar waya. Ba a kai ƙarshen Fatiha ɗaya ba tare da aljihun wani ya ɓarke da kiɗa ba. Ni da gyaran waya nake ci nake sha, amma ban taɓa jin haushinta kamar ranar ba.

Wani tsoho abokin Baffa, wanda idonsa ya fara tafiya, ya kama hannuna ya ƙi saki.

"To yanzu wa zai riƙa faɗa mana?" in ji shi.

Na ce, "Baba, ai yanzu kowa da wayarsa."

"Ban ce wa zai sanar da mu ba. Wa zai faɗa mana na ce."

Daga cikin gida maƙwabciyarmu ta aiko a kira ni. Tsohuwa ce, tun tasowata nake ganinta tana tuya a bakin titi. Ta ce, "Mutuwar mijina shi ya kawo mini, ta ɗana shi, ta uwata shi. Kuma wallahi ban taɓa hango shi na ji ba na son ganinsa ba." Da na fito sai na ji wasu samari a ƙarshen rumfa, kowa kansa a sunkuye kan waya, ɗaya yana tambayar ɗaya da Larabci wai wannan tsohon tela babban ma'aikaci ne a da, da jama'a suka cika haka? Wannan tambayar ce ta sa na ce sai na rubuta wani abu. Akwai kuma amana guda da ya bar mini, ina so a san yadda aka yi da ita.

Baffa yayan mahaifina ne. Su huɗu ne a ɗakinsu: shi, mahaifina, Gwaggo, sai autansu da muke kira Baba Ƙarami. Kakansu ya baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya tsaya tsinkar auduga a Jazira don ya haɗa guzuri, Allah bai yi zai ƙarasa ba. A can aka haife su. Baffa da mahaifina suka shigo Khartum neman na kansu, Gwaggo aka kai ta aure Umdurman, hayin kogi, Baba Ƙarami ya zauna a gona. Mahaifina ya rasu ban yi wayo ba, a hannun Baffa na tashi.

Tela ne, da kekensa na ƙafa a kasuwar Mayo. Ba malami ba ne, ba mai unguwa ba ne, kuma babu wanda ya naɗa shi komai. Amma in aka yi rasuwa a cikin mutanenmu, kafin a je wajen masu haƙa kabari, wajensa ake zuwa. Sai ya rufe keke da tsumma, ya naɗa rawani, ya kama hanya.

Ba ya gudu, ba ya kuma tsayawa hira. In ya isa gidan sai ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, a kawo ruwa ya shanye tas. Ya gaida gida, ya gaida yara, ya gaida aiki, ya gaida zafi, duk a tsanake, amma idonsa yana yawo. Wa ke riƙe da wuƙa, wa ke bakin murhu, wa ke goye da jariri. "Ajiye wannan, 'yata, zo ki zauna mu gaisa da kyau." Sai ya ga mutum ya zauna daram sannan ya ce, "Daga wajen wane nake. Jikin ya yi tsanani." Ya bar fuskar mai sauraro ta yi rabin aikin. Sannan ya ce, "Ya cika." Ban taɓa jin ya ce wani namu ya mutu ba. Kuma ba ya barin gidan sai ya ga maƙwabta sun shigo.

Farkon shekarun soja, waya ɗaya muka sani a duk yankinmu, ta girke, a shagon wani mai magani a bakin babban titi. Layi ake yi, kuma in ka samu shiga ba ka sakin baki, don an ce akwai masu kunne a kan layin. Lokacin ne ake tare hafila, wato bas ɗin haya, a sauke samari a tafi da su horo, daga nan sai fagen yaƙi a Kudu. Labarin wanda ba zai dawo ba yakan iso a bakin wani da ya dawo, a ɓoye, rabi da rabi. Baffa ne ke bin diddigi har ya tabbatar, sannan ya kai. Haka ya kai wa maƙwabciyar nan tamu na ɗanta. Abin da ban sani ba sai ranar da ta kira ni shi ne, bayan arba'in, da ƙafa ta ɗauke, shi kaɗai ya ci gaba da zuwa. Duk Juma'a ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe ta, ya karɓi abin da ya yage na ƙannen mamacin ya tafi da shi shago. Ya yi shekaru yana haka, ko mu na gida ba mu sani ba.

In kana son tarihin wayar hannu a garin nan, da Baffa za ka tambaya, don shi ta aljihu ya san ta. Ta farko da muka gani a kasuwa ta wani mai sayar da yadi ce, baƙa, mai nauyi kamar sandar sabulu biyu, da ƙaho a ka. Sati bai zagayo ba ta yaga masa aljihun jallabiya, ya kawo wa Baffa. Baffa ya juya ta a hannu ya ce, "Alhaji, wannan ai ba aljihu take so ba, jaki take so." Ya yi masa aljihu mai zurfi da ninki biyu. Daga nan duk mai kuɗin da ya sayi irinta sai ya biyo ta shagon. Bayan wasu shekaru wayoyin suka fara ƙanƙancewa, suka zubar da ƙahon, suka yi araha har leburori suka fara saya, sai Baffa ya koma yin ɗan ƙaramin aljihu daga ciki saboda 'yan sane. Can kuma aka kawo masu faɗi, gilashi zalla, da ake shafawa da yatsa, sai ya sake faɗaɗa aljihun. Yakan ce, "Abin nan bai san girman da yake so ba."

Ni a tsakiyar wannan ne na kafa teburina a kasuwar Suƙ Arabi, da ƙananan sukuddireba da gilashin ƙara girma. Baffa ya so in gaji kekensa. Da ya ga na ƙi, sai ya sa mini suna likitan ƙwaro, kuma da wannan sunan ya kira ni har ƙarshen ransa.

Wayar farko a gidanmu ta Yaya ce, babban ɗan Baffa, mai aiki a wata masana'antar sabulu a Bahri. Yaya da Larabci ya yi makaranta, da shi yake aiki, da shi yake mafarki ma ina jin. Hausarsa ta gaisuwa ce da ta abinci.

Wata kaka, lokacin girbin dawa, wani maƙwabcin Baba Ƙarami ya hau kan tudun magudanar ruwa, inda nan ne kaɗai ake samun layi a ƙauyensu, ya kira Yaya. Injin masana'anta na ruri, murya na yankewa. Abin da Yaya ya ji shi ne, "Ka faɗa wa tsoho, ƙaninsa ya cika." Kowace shekara kuwa Baba Ƙarami kan aiko mana da dawa in rumbunsa ya cika. Yaya ya ce, "Tamam," wato shi ke nan, layi ya katse. Sai bayan kwana biyu ya biyo ta shagon Baffa, ina zaune a wurin.

"Baba, albishir. An kira daga Jazira, an ce Baba Ƙarami ya cika. Bana da wuri ke nan, sai a gyara wurin buhuna."

Ƙafar Baffa ta tsaya a kan keken. Ya daɗe yana kallon allurar.

"Yaushe aka kira?"

"Shekaranjiya."

Baffa ya yi salati a hankali, ya jawo tsumma ya rufe keke. Sai a lokacin Yaya ya dube ni, na ga fuskarsa ta sauya. Mutanen can sun jira mu har rana ta yi, suka binne shi suna mamakin rashin zuwanmu. Baffa da ya kai wa rabin garin nan labarin 'yan uwansu a kan lokaci, bai samu jana'izar autan ɗakinsu ba. Kafin mu kama hanyar Jazira sai da ya haye Umdurman ya faɗa wa Gwaggo da bakinsa.

Da muka dawo aka yi faɗan da ban taɓa ganin irinsa a gidan ba. Yaya ya ce, "Da sun ce ya mutu ai da na gane. Me ya sa ba za a faɗi magana yadda take ba?"

Baffa ya ce, "Da mutum ne ya zo ya tsaya a gabanka, ko da Turanci ya faɗa, da ka gani a fuskarsa."

Watanni suka yi ba su ci a kwano ɗaya ba. Ni dai a ganina Baffa haushin kansa ya fi ji. Shi ne ya riƙa amsa wa 'ya'yansa da Larabci suna yara, don kada a yi musu dariya a makaranta, kuma ya san da haka. Ya iya taurin kai, Allah Ya gafarta masa. In ya yi fushi ba ya zagi, sai dai ya bar ka da gaisuwa mai sanyi da ta fi mari ciwo. Inna, matarsa, ita ta gaji ta daina zuba musu abinci daban, dole suka haɗu.

Bayan haka ne ya kira ni wata rana ya ce, "Likitan ƙwaro, saura ni da Gwaggonka. Mun yi magana da ita. Duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ba zai ji a waya ba. Kai ne mai wayoyi, kai na ɗora wa." Na ce to, ina ganin abu ne mai sauƙi.

Ni na saya musu waya su biyun, ƙananan nan masu tocila a ka. Baffa ya ce ba ya so, sai da ya gano tocilar na taimaka masa wajen zura zare a allura, sannan ta zama tasa. Hira a waya kuwa ba ya yi, wai ba a gama gaisuwa ake cewa kati ya ƙare. Sai suka ɗauki abin da samari ke yi, miskol, wato ka kira ka katse kafin a ɗauka. Kullum bayan sallar asuba Gwaggo ta kira sau ɗaya ta katse, ma'ana na kwana lafiya. Shi ma ya mayar sau ɗaya. Haka suka yi shekara da shekaru, ba fashi.

Da masu gilashin suka yi yawa, aikin Baffa ya fara mutuwa a hannunsa. Kowane dangi ya buɗe zauren hira a waya. Mutum bai gama sanyi ba hotonsa ya zagaye gari, da addu'a a ƙasa. Baffa ya naɗa rawani ya hau hafila biyu, ya isa ya tarar tuni ana kuka. Wata 'yar ƙawar Inna a layin burodi ta ga hoton wanta, a tsaye, cikin baƙin mutane, ta yanke jiki ta faɗi. Da labarin ya zo masa ya ce mini, "Ku masu gyara, ba za ku iya sa wa wayar nan 'yar kunya ba?" Na ce wannan kayan gyaran bai iso Suƙ Arabi ba tukuna. Ya yi dariya, amma bai daina zuwa ba. Ko sun riga sun ji, sai ya je ya zauna ya sha ruwansu.

Kada a ɗauka ƙin waya yake yi. Ranar da na fara nuna masa fuskar 'yarsa da ke aure a Madina tana motsi tana magana a tafin hannuna, hawaye ya yi, ya juya baya wai ƙura ce. Daga ranar, duk lokacin da za a kira ta sai ya sa wankakkiyar jallabiya, ya naɗa rawani, har turare yake shafawa. Muka ce, "Baffa, ai ƙamshi ba ya wucewa." Ya ce, "Ita ba ta ji, ni ina ji."

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, bai fi sati ba. Ya hana a tayar wa Gwaggo da hankali, don ita ma ƙafa ta yi mata nauyi. Duk safiya da babban yatsansa yake mayar mata da kiran. Safiyar ƙarshe wayar ta yi ƙara sau ɗaya a ƙarƙashin matashinsa. Hannunsa ya motsa, bai kai ba. Inna ta ce mini, "Mayar mata." Na miƙa hannu, sai ya girgiza kai. Na gane ba ya so a ce mata ya kwana lafiya alhali bai kwana ba. Da hantsi ya cika.

Yaya ne ya tsaya a bakin ƙofa yana roƙon duk mai shigowa, da Larabci da Hausarsa ta gaisuwa, kada kowa ya taɓa waya. Amma kuka ya riga ya tsallake katanga. Ya jawo ni gefe ya ce, "Ka tafi. Za mu jira ku har la'asar. Ni in na je bakina zai juya Larabci."

A cikin hafila aljihuna bai daina rawa ba. Na duba sau ɗaya, sai ga Baffa da rawaninsa, hoton da wani ya ɗauka ranar sallah, tuni yana yawo a zauren dangi. Na kashe wayar. Na san wayar Gwaggo, sau nawa na gyara ta. Ba ta nuna hoto, amma tana da ƙara, kuma duk wanda ya ga hoton nan zai so ya riga kowa yi mata gaisuwa. A bakin gada motoci suka tsaya cak, layin masu neman mai ya cinye rabin titi. Na jira, na jira, sannan na sauka na haye gadar da ƙafa, rana na dukan ƙeyata. Na so in yi gudu, sai na tuna shi ba ya gudu. A hayin na samu raksha.

Ƙofar gidan a buɗe take. An share tsakar gida, kuma ba a hura wuta ba duk da lokacin girki ya yi. Surukar Gwaggo na tsaye a bakin madafa, idonta jawur, ta damƙe wayarta a ƙirji, da ta gan ni ta sunkuyar da kai. Gwaggo kuwa tana zaune a kan tabarma a inuwa, ta yafa mayafinta na fita, takalminta a jere a gefe, ga kofin ruwa a rufe da faifai. Can kusa da bango an kife turmi, kuma daga ƙarƙashinsa ina jin ƙarar waya tana fitowa a daƙile, ta tsaya, ta sake.

Na yi sallama, na tuɓe takalmi. Ta miƙo mini ruwan, na shanye.

"Gwaggo, ina wuni."

"Lafiya lau, ɗana."

"Ya gida?"

"Gida lafiya."

"Ya yara? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, mun gode Allah."

"Ya zafi?"

"Lokacinsa ne."

Ba ta gaggauta ni ba, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Turmin ya sake yin ƙara. Ta ce, "Tun hantsi take yi. Ita ma wannan," ta nuna surukarta da haɓa, "na ce ta riƙe abin da ta gani."

Na ce, "Daga wajen Baffa nake." Sannan na ce, "Jikin ya yi tsanani."

Ta dube ni ido cikin ido, ta buɗe tafukan hannunta a kan cinya.

"Na zauna, ɗana. Ba komai a hannuna."

Na ce, "Gwaggo, Baffa ya cika."

Ta yi salati, ta maimaita, sannan ta jawo mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa. Surukar ta zo ta durƙusa ta riƙe ta. Ban tashi ba sai da na ga maƙwabta sun shigo. Mun isa Mayo kafin la'asar, ta shiga ta gan shi, ta dafa goshinsa ta yi masa addu'a, sannan aka ɗauka.

Allah Ka jiƙan Baffa, Ka sa waɗanda suka zo masa da nasa saƙon sun zo masa a hankali, yadda ya riƙa zuwa wa bayinKa. Ka ba Inna da Gwaggo da Yaya haƙuri, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Bayan sadakar bakwai Gwaggo ta koma Umdurman. Washegari, ina fitowa daga masallaci da asuba, wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Na tsaya a bakin ƙofa na mayar mata.